Rabin Zauren Gidanmu

Shekarun baya, kafin korona, mahaifina ya zo Dubai a duba masa ido, ya sauka wurina a unguwar Abu Hail. A makon ne aka shirya rushe gidanmu na Kano, gidan ƙasa da kakana ya gina a zamanin Turawa. Ni na matsa a yi bene. Da na gaya wa Baba, "to" kawai ya ce, ni kuwa na ɗauke ta izini.

Ranar da za a fara, na kasa zama. Na ce mu fita ya ga dogayen benaye, ya ce wuyansa ya gaji da ɗaga kai. Sai muka haye ruwa a kwalekwale zuwa tsohuwar unguwar fatake, inda aka adana gidajen zamanin da Ingila ke riƙe da gaɓar nan.

Muka shiga wani gida. Ƙofar ba ta kallon tsakar gida, sai ka karya kwana, kamar zaurenmu. Ni ina ta duba waya, ina jiran saƙon ƙanena da ke tsaye kan aikin. Baba, wanda ya yi shekara talatin yana gini, yana shafa bangon dutsen teku. Ya daɗe ƙarƙashin hasumiyar da ke jawo iska cikin ɗaki, rigarsa na kaɗawa.

Sai ya auna faɗin ɗakin da taku. Ya ce sun ƙuntata shi ne don itacen rufinsu gajere ne, alhali kakana da azara ya ɗaure bakan rufi, ya fitar da soro a gidanmu mai faɗin wannan biyu ba ginshiƙi. Ya dubi mai gadin da ke bakin ƙofa, sannan ya dube ni.

"Su mai gadi suka sa wa nasu. Kai katafila ka nemo."

Na fita lungu na kira ƙanena, sau uku kafin ya ɗaga. Na ce a dakata.

"Yaya, ai an ci rabin zaure."

Soron ya tsira. Zauren da bulo aka cike shi, yana nan kamar haƙorin Makka. Baba bai sake tayar da zancen ba har ya rasu. Na yi shekaru ina sana'ar magana, amma "to" ɗin mahaifina sai da muka haye ruwan nan na gane ma'anarta. Har yau idan na je gida, da sauri nake wuce zauren nan.