Motata ta kai ƙarata wurin Baba

Jama'a, yau motar da na ƙera da hannuna ta tona mini asiri. Wallahi na gaji!

Kwana uku ina haɗa ta da injin tsohuwar fanka da batirin waya. Tayoyin kuwa daga silifas ɗin alwalar Baba na yanko. Tun jiya yake nema.

Da la'asar muka jera tsere a ƙofar gida da Sani, ɗan kawuna na Kusada. Ashe na juya wayoyin batir! Tasa ta yi gaba, tawa ta zura baya a guje, sai ƙafar Baba a kan tabarma.

Sani ya ce, "Direba, ribas kaɗai ka koya?"

Baba ya ɗaga ta, ya shafa taya, ya ce, "Auwalu, ina sauran takalmina?"

Yanzu nawa ne a ƙafarsa, ni ina taka ƙasa.