Wa Ke Maka Wanka?

Shekara talatin Baban Gareji ya yi a ƙarƙashin motocin mutane, har ranar da jak ya zame, mota ta sauko masa a ƙugu. Tun daga nan spana ta fi ƙarfinsa.

Ya nemi tallafin naƙasassu, hukuma ta tura shi wurin likitanta. To, ka san mutumin naka da taurin kai. A bakin ƙofa ya miƙa wa matarsa sandarsa, wai ba zai shiga gaban baƙo yana ɗingishi ba. Likita ya ce ya sunkuya, ya cije ya sunkuya. Ya ce ya ɗaga kujera, ya ɗaga. Kwana huɗu ya yi bai tashi daga katifa ba bayan wannan jarumtar banza. Takarda kuwa ta fito da layi ɗaya: yana iya aiki.

Shi ya kawo su kotu, neman a sake duba hukuncin. In aka sake hana shi, shi ke nan, babu magani, babu wata ƙofar.

Lauyarsa ta ja masa kunne tun a baranda. "Baba, don Allah yau ban da ɓoye-ɓoye. Abin da aka tambaye ka, faɗi yadda yake."

Ya gyaɗa kai. Amma da ya shiga, sai ya ja ya tsaya. Benci biyu cike da makanikan da ya koya wa aiki, duk sun zama magidanta, sun rufe garejinsu sun zo mara masa baya.

Lauyan hukuma ya ɗaga rahoton likita. "Ka sunkuya ko ba ka sunkuya ba?"

"Na sunkuya."

Alƙaliya ta cire tabarau ta dube shi. "Malam, wa ke maka wanka?"

Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Matarsa ta yunƙura za ta yi magana, alƙaliya ta ɗaga mata hannu. Kunya ta kama shi, har ya ji gara a ce an hana shi ya tafi gida.

"Ita ce, ranki ya daɗe," ya ce. "Ita ke kai ni banɗaki. Ita ke ɗaura mini wando."

Bai waiwaya ba, amma ya ji wani a baya yana jan hanci.

Alƙaliya ta daɗe tana rubutu. Sannan ta soke hukuncin, ta ce hukuma ta sake auna shi a gaban wani likitan cikin wata guda.

A baranda ya tsaya, kansa a ƙasa, ya riƙe hannun matarsa.

"Wato sai na sake faɗa a gaban wani likitan?"

"Sai ka sake faɗa, Malam," in ji matar. "Ni da nake yi maka kullum ban mutu ba."