Wayar da Natan Ya Ja wa Mama

Ranar Juma'a, 14 ga Maris, 2025, da hantsi, matarka Anjelina ta kira ni ta ce ka rasu, Natan. Motar hayar da ka shiga za ka aiki Abuja ce ta yi karo da tirela, ba ku yi nisa da Keffi ba. Na ji ta sarai, amma sai da na sa ta maimaita.

Tun muna ƙungiyar mawaƙa a cocin Agwada na san kunnenka ba irin namu ba ne. Mu dai in sauti ya fito shi ke nan, kai kuwa sai ka runtse ido kana yamutsa fuska kamar mai tauna tsakuwa. Mun sha yi maka tsiya a kan haka, ni Yosiya na fi kowa.

Na daina tsiyar ne lokacin da ciwon suga ya ɗauke idon mahaifiyarka, Mama Zipora, ƙafafu ma suka ƙi, aka dawo da ita gidan yayarka Priskila a unguwar Yara ta Keffi. Abin da ya rage mata a duniya shi ne sujadar Lahadi da cocinmu yake watsawa ta intanet. A wayar hannu ake kunna mata, sai fasto ya tsaya a tsakiyar kalma, waƙa ta tsinke, ta dawo a wani baitin. Ta taɓa ce maka ji take kamar ana rufe mata ƙofar coci a fuska. Ka fito waje ka yi kuka, ina tsaye.

Daga nan ka shiga aiki. Ka ɗauke rauta, akwatin da ke raba intanet a gidan, daga bayan firji ka kai ta taga, inda take fuskantar turken sadarwa. Ka ce intanet ta iska ba abar dogara ba ce a gida mai kaurin bango, don haka ka huda bangon, ka ja waya daga rauta har cikin wata ƙaramar na'ura mai sifika da ka ajiye a gefen gadonta. Da wani ƙugi ya ƙi barin sifika, ka bi ka raba wayar sauti da ta lantarki, kowace da hanyarta, ka kankare tsatsar bakinsu. Ka kafa doka cewa safiyar Lahadi kowa ya sauke wayarsa daga layin, jikoki suna ta gunaguni. A ƙarshe ka ɗiga ƙaro a kan maɓallin da ke kunna sujadar, don yatsanta ya gane shi ba sai ta kira kowa ba.

Da ka rasu, dangi suka yanke a ɓoye mata, yadda aka saba yi wa tsoho mara lafiya, sai kawunka da dattawan coci sun zo daga Agwada bayan sujada su zauna da ita su faɗa mata a hankali. Aka ce mata aiki ne ya riƙe ka a Abuja. Aka hana kuka a gidan. Babu wanda ya tuna da maɓallin.

Safiyar Lahadi kowa yana wajen Anjelina, Priskila kaɗai aka bari, tana kicin. Mama ta lalubi ƙaron ta danna. Babu waya ko ɗaya a kan layin. A lokacin sanarwa aka karanta sunanka, da sunan mahaifinka, da ranar jana'iza.

Priskila ta shigo a guje za ta kashe, Mama ta riƙe hannunta.

"Bari, 'yata. Aikinsa ne. Ko sau ɗaya bai tsinke ba."

Ta saurari waƙar da suka yi maka har ƙarshe, sannan ta juya fuskarta bango. Har yau abinci sai da lallashi. Raina a ɓace yake, Natan, kuma na rasa wanda zan ba laifi.

Ubangiji ya ji ƙanka, ya gafarta maka, ya ba ka hutawa a wurinsa. Ya ta'azantar da Anjelina da yaranku, da Priskila, da dukan dangi na Agwada da Keffi. Ya riƙe zuciyar Mama Zipora, ya ba ta ƙarfin sake miƙa yatsa ranar Lahadi mai zuwa.