Shaidar Rayyis Jaji

Da an sallame sallar asuba Jaji yake fita. Tun da aka rushe mana unguwarmu Nuzla a nan Jidda ya koma can gefen gari, sai ya canza mota kafin ya kai bakin teku a Ubhur, inda ake ɗaure manyan jiragen shaƙatawan nan da muke ce wa yakht, waɗanda masu hali ke haya su shiga teku da iyalansu. Yana isa zai tuɓe takalmi, ya naɗe ƙafar wando, ya ɗauki bokiti da soso, ya jawo tiyo. Gishirin teku ba ya barin ƙarfe ya huta, abin da ka wanke jiya yau za ka tarar ya yi fari. Sai ya bi gilasai ɗaya bayan ɗaya, ya goge ƙarafunan da baƙi ke dafawa, ya cuɗe katakon da suke takawa, ya naɗe igiyoyi. Kafin masu haya su iso da turarensu da akwatunan ƙanƙara, ya gama, ya koma inuwa yana shan shayi da na'ana.

Samarin da ke tuƙa jiragen yanzu in za su wuce sai su ɗaga masa hannu su ce, “Sabahul khair, ya rayyis.” Rayyis shi ne shugaban jirgi. Baƙi kan yi mamakin yadda ake kiran mai wanki da wannan suna. Ni na san dalili, kuma da na ji ƙarshen watan nan zai ajiye bokiti saboda bayansa ya ƙi, na ce sai na faɗa.

Sunana Dela. Mijina Bawa ya yi shekaru masu yawa yana aiki a ƙarƙashin Jaji, a wani farin jirgi mai hawa biyu. Jaji ne a kan sitiyari, Bawa kuma shi ne na igiya da anga, wato ƙarfen da ake jefawa ya riƙe jirgi. Jaji ɗan Hausawan Sudan ne. Ubansa ya yi ta ɗauko alhazai daga Sawakin a jirgin katako mai filafilai, shi kuma ya taso a cikinsa yana kwashe ruwa da gwangwani. Bawa a nan Jidda aka haife shi, a bayan Tashar Jiragen Ruwa ya koyi ninƙaya.

Mun ji daɗin zaman nan. Ƙofarmu na kallon tasu a lungu ɗaya. Ran da aka yi haya mai kyau, baƙi kan kama kifi su ɗauki hoto da shi su bar shi a jirgi, su kuwa su taho da shi a buhu. Ni da Hindatu matar Jaji mu baza tabarma a tsakar gida, ita tana fere, ni ina soya albasa har ta yi duhu don shinkafar kifi. Duk lungun sai ya ci. Su biyu kuma suna zaune suna tsiya.

“Yau rayyis ya kusa kai mu Sudan,” in ji Bawa. “Ya ji ƙamshin wake daga can, sai jirgi ya juya da kansa.”

“Rabu da shi, Ummu Rahamatu,” Jaji zai ce min, don da sunan ’yata yake kirana. “Mutumin da balarabiya ta ce ya riƙe mata kyanwa, ya tsaya yana ce mata ranki ya daɗe.”

“Kyanwar tana da kujerarta a jirgi, ya akhi. Kai kana da ita?”

Su suke ba mu labarin abin da ba mu taɓa gani ba: gado a cikin jirgi, wurin wanka mai ruwan zafi, ango da amarya da suka yi hayar jirgi guda su kaɗai suka wuni suna amai. Mu yi ta dariya har Hindatu ta riƙe ciki. Ran Juma'a in babu haya sai su ɗauke mu zuwa Balad, tsohon garin Jidda, mu sha ruwan rake, Jaji yana nuna mana tsofaffin gidaje yana cewa duwatsun nan daga teku aka haƙo su, ubansa ya san waɗanda suka yi dakonsu.

Mutanen Ubhur sun san wasu halayensa da ni sai ji na yi. In lokacin salla ya yi a tsakiyar ruwa yakan juya jirgi ya tsayar da shi yadda kowa zai fuskanci gabas ba tare da ya yi ta jujjuyawa ba. Bai taɓa barin ma'aikaci ya ci saura a tsaye ba, sai an zauna. Wata rana ya hango masunta injinsu ya mutu, baƙinsa suna cewa a wuce, lokacinsu na tafiya, ya ce su yi haƙuri, a teku ba a wuce mutum. Ya ja su har gaɓa.

Ranar da abin ya faru, kafin magariba na ji sallama. Jaji ne a ƙofa, rigarsa ta bushe a jikinsa da farin gishiri. Bai shigo ba. Ya ce, “Ummu Rahamatu, ki zauna.” Na ce ba zan zauna ba. Ya faɗa min a tsaye.

Baƙin ranar sun matsa sai an kai su wasu duwatsun murjani da ke gaba da iyakar da takardar izinin jirgin ta ba su. Jaji ya kira ofis, manaja ya ce manyan mutane ne, a yi musu abin da suke so. Da za su taso anga ta maƙale a dutse. Bawa ya nutsa ya cire ta, abin da ya saba yi. Ruwa ya ja, igiya ta naɗe masa ƙafa. Ruwan wurin garau yake, Jaji yana kallonsa daga sama. Ya faɗa ya bi shi, numfashi ya ƙare masa ya taso, ya sake komawa. Ya ga Bawa ya daina motsi, ya ga igiyar ta sake shi, ruwa ya gangara da shi gefen dutsen inda babu ƙasa. Suka yi ta kewaya wurin har rana ta karkata. Manaja ya ce ya maido da baƙi, shi zai sanar da hukuma.

Bai sanar ba. Abin da kamfanin ya kai shi ne Bawa ya gudu daga aiki, hurub, kamar yadda ake rubuta wa duk ma'aikacin da ya tsere wa kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a hukuma. In suka ce ya mutu a can, an san jirginsu ya tsallake iyaka.

Sai magana ta zama biyu a Nuzla. Matan da suka fara zuwa gaisuwa suka ja baya. Wadda ta shigo ba ta san me za ta ce min ba, ta yi min ta'aziyya ko ta ce Allah ya bayyana shi. Akwai waɗanda suka ce an gan shi a Jizan. Limaminmu ya ce shi ya yarda da Jaji, amma babu gawa, ga kuma takarda tana cewa mutum na raye, ba zai tsaya ya yi masa salla ba sai alƙali ya yanke. Na zauna ni ba matar aure ba, ni ba mai takaba ba. In na ɗaga hannu ban san addu'ar da zan yi masa ba. Rahamatu ta daina fita don yara na ce mata ’yar wanda ya gudu.

Hanya ɗaya ce: wanda ya gani da idonsa ya tsaya a mahkama ya faɗa. In Jaji ya faɗa kuwa, dole ya faɗi inda jirgin yake, kuma shi ne a kan sitiyari. Manaja ya gaya masa ƙiri-ƙiri: ka buɗe baki, lasisinka ya tafi, aikinka ya tafi, iƙamarka ta zaman ƙasa kuma ka san a hannun wa take.

Ban roƙe shi ba. Ina da ido, na san yaran da ke gidansa. Ta katanga na ji shi da Hindatu ran da zai tafi.

“Abu Salim, ka tuna da mu,” ta ce. “In suka kore ka ina za mu?”

“Na tuna.”

“To ka bari a ga yadda za ta kaya. Wataƙila ruwa ya fito da shi.”

“Ruwan can ba ya fito da kowa, Hindatu. Ni na san wurin. Shekara nawa kike so matar nan ta zauna tana jiran sallamarsa?”

 Can ta ce, “To canza rigar nan, ba da wannan za ka tsaya gaban alƙali ba.” Ita ta goge masa farar, ita ta raka ni.

A mahkama bai rage komai ba. Alƙali ya tambaye shi wa ya kai jirgin wurin. Ya ce, “Ni.” Alƙali ya ce ko an tilasta shi? Ya ce, “An umarce ni, amma hannuna ne a kai.” Ya faɗi yadda igiyar ta kama, da yadda ya ga hannun Bawa ya saki. Alƙali ya ce ana buƙatar shaida na biyu. Aka ɗaga zama. Kafin zama na gaba, ɗan Indiyan da ke kula da injin jirgin, wanda tun farko ya ce shi bai ga komai ba, ya zo da kansa ya sami Jaji ya ce, “Rayyis, in kai ka faɗa, ni ma zan faɗa.”

Aka rubuta Bawa ya rasu a bakin aikinsa. Aka goge masa sunan gudu. Ranar Juma'a masallacinmu ya cika har titi aka yi masa salla, na shiga takabata kamar kowace mace.

An karɓe lasisin Jaji, kamfanin ya sallame shi. Wani mai jirgi da ya san halinsa ya karɓi kafalarsa ya ba shi wanki. Tun daga ranar bai sake fita teku ba. Mutumin da ya taso a kan ruwa, kullum yana kwance wa wasu igiya yana tura su, shi yana tsaye a gaɓa.

Jaji na Hindatu, rayyis ko babu jirgi. Kai ne ka faɗa ruwa bayansa har numfashinka ya ƙare, kai ne kuma ka tsaya gaban alƙali ka fara da laifinka kafin na kowa. Ba ka taɓa yi min gori ba, ko da fuska. Ran da na fita takaba na zo yi maka godiya, ka tare ni ka ce, “Halas, Ummu Rahamatu, kada ki gode min. Ni na kai shi wurin.” Kuka ya hana ni ba ka amsa. Ga amsar yanzu, a gaban mutane: ajalinsa ya kai shi. Abin da ya rage nasa a duniya sunansa ne, kuma kai ka dawo min da shi gida.

Na gode. Rahamatu ta gode, da ’ya’yanta da suka san kakansu a bakin aiki ya mutu. Hindatu, ke ma na gode, na san abin da rigar nan ta jawo wa tukunyarki. Allah ya ba bayanka lafiya, rayyis, ya sa ka huta cikin jikokinka.

Ku kuma ’yan’uwa da ke aiki a jirage, da sito, da wuraren gini, watarana wani zai faɗi a gabanku, a ce muku ku yi shiru. Ba zan ce muku babu asara ba, na ga wadda Jaji ya yi. Amma ku tuna akwai wata a gida da take ɗaga kai duk lokacin da aka taɓa ƙofa. Ku je ku faɗi abin da kuka gani.