Hujin kunnen 'yar wabi

Salamu alaikum jama'a. Na ga saƙonninku. Masu cewa na yi kuɗi na manta da ku, da masu cewa rashin kuran, wato wutar lantarki, ne ya ɓoye ni, duk ba ku canka ba. Kunne ne ya kwantar da ni, 'yar fatar nan ta ƙasa da ake saƙala ɗan kunne.

Sunana na gida Ayashe. Kafin a haife ni a Kanan-Bakashe, Inna ta binne 'ya'ya mata uku, biyu a shekarar fari. Da na zo tsofaffi suka ce wabi ce, kada a yi mini ado, kada a huda mini kunne, a bar ni kamar ba a so na, ko mutuwa ta wuce ba ta kula ni ba.

Haka na girma, na yi aure, na haihu, har na zama malamar lakwal, wato makarantar boko, a Mayahi. Duk biki sai wata ta ce, "Madam, kin manta 'yan kunne." Ban manta ba, baiwar Allah, hujin ne babu!

Cikin bazarar nan na gaji. Na shiga wurin maƙwabciyata, ta ƙona allura a garwashi, ta huda, ta zura zare. Inna tana gidana tun da geron bara bai yi ba, kuma na san ba za ta yarda ba, don haka na ɗaure kallabi tamau a kan kunnuwan, safe da yamma, cikin wannan zafin. Ko warkewa bai fara ba na cire zaren na sa 'yan kunnen kasuwa masu ɗan maɓalli a baya, don ɗoki.

Ƙaiƙayi ya fara, sai ruwa, sai mugunya. Na hagu ya kumbura har ya haɗiye maɓallin. Kaluluwa ta fito mini a wuya, zazzaɓi ya biyo.

Nan fa kowa ya zama likita. Wannan ta ce man shanu, waccan ta ce toka, wani abokin aikina, mai ilimi fa, ya ce man birki. Kuma na shafa! Har yau in na tuna haushin kaina nake ji.

Wari ne ya tona ni. Inna ta janye kallabin, ta daɗe tana kallo.

"Ayashe, mi na yi maki? Tun kina jinjira nike ɓoyon ki, ke kuma kin tahi kin nuna kanki."

Daga ranar ta daina cin abinci. Ba fushi take ba, tsoro ne ya cika mata ciki. Tsohuwa ga ƙarfi ya ƙare, a kai mata fura ta dawo yadda aka kai ta. Wannan ya fi ciwon tayar mini da hankali.

A likita na bi layi tun safe har rana ta take. Majo, wato babban nas ɗinmu, ya duba ya ce, "Madam, wa ya ce ki sa man birki? Kunnenki mota ne?" Ya tsaga ya ciro maɓallin, na yi ihun da har masu awon ciki suka leƙo. Aka gwada sukari, babu. Ya ce in ciwon ya hau guringuntsi sai Maradi, kuma ba lalle in dawo da kunnen duka ba.

Maganin da ya rubuta babu shi a farmasi. Tun da sojoji suka karɓi mulki aka rufe iyaka, abin da kake nema shi ne ya ƙare jiya. Maigida ya hau moto har Tasawa, kuɗin esansi, wato fetur, ya fi na maganin. Duk wannan a kan hujin da ake yi wa jaririya ta yi kuka kaɗan ta koma nono.

Kullum safe wankin ciwo. Ni ina samun sauƙi, Inna tana ramewa. Na ja ta har gaban majo don ya yi mata bayani.

"Inna, wanga ba wabi ba ne. Zuhwa ce da dauɗa, ƙaramin abu ne."

Ta ce, "Su ma ukun, haka aka ce mani."

Nan duk masifar da na taho da ita ta zube.

Daga nan na daina gardama da ita. Duk wankin da za a yi sai in tafi da ita, ta ga kumburin yana saɓewa da idonta. Ranar da aka cire bandeji ta ce a dama mata fura, kada a cika ruwa.

Na dama ya warke da hujinsa, na hagu ya toshe. Wata safiya Inna ta kwance ƙulli a bakin zanenta: 'yan kunnen azurfa ƙanana, na jarirai. Na 'yarta ta fari ne, ko a shekarar yunwa ba ta sayar ba.

"Zamna, kar ki motsa."

Da hannunta ta sa mini ɗaya a na dama.

Har yanzu ban saba ba. Hijabi yana kama shi, kwanciya sai ta gefe guda, hannuna kullum yana can.

Na gode wa Allah, da majo, da maigida, da ku da kuka yi ta cigiya. Mai son huji ta je likita. Kada ki rufe shi da kallabi, ki bar shi ya sha iska, ki wanke da ruwan gishiri mai tsabta, kada ki yi gaggawar canza ɗan kunne. In ya kumbura ko kin ji zazzaɓi, ki tafi a ranar. Man birki kuma a bar wa mota.

In kun gan ni da ɗan kunne ɗaya, don Allah kada a ce na manta. Ɗayan yana bakin zanen Inna. Ta ce in lokacin sake hujin ya yi, ita za ta riƙe mini kai.