Ta Bakwai ta Malam Mani

Malam Mani manomin dawa ne a Yankara, amma saboda iri aka san shi har Sabuwa da Ƙanƙara. Ba ya sayarwa. Kowa ya zo sai ya ɗebar masa a ƙwarya, bisa sharaɗi guda: in kaka ta yi, ya kawo zangarniyar da ta fi kyau a gonarsa. Cikin waɗannan yake zaɓe, ya shuka a ɗan filin bayan gidansa, ya sake zaɓe.

Lamba yake sa wa dawarsa. Ni Ta Huɗu na tashi na tarar. In gyaran kaɗan ne, kamar ƙwaya ta ƙara girma, sai ya ce "Ta Huɗu da rabi". Lamba ba ta ci gaba sai in lokacin shuka ya canza, don kada mutum ya shuka sabuwa da tsarin tsohuwa. Kuma ba ya fitar da sabuwar lamba sai ta ga damina mai albarka, ta kuma ga shekarar fari. Ta Shida a cikin babban farin nan ta ci jarrabawarta, ta ciyar da gidaje da yawa.

Ta Bakwai gajeriya ce, mai saurin nuna. Sai dai ta zo daidai lokacin da ruwa ya daidaita, kuɗin man fetur suka shigo da takin zamani da masara.

Ranar kasuwa taubashinsa, Alhaji Rabo, yakan tare shi.

"Malam, ka fito da amaryar nan taka mana. Ko sai ta yi furfura?"

"Ba ta ga fari ba, Alhaji."

"Jama'a ku ji! Kowa na roƙon ruwa, shi yana jiran fari."

"Allah shi kiyaye. Amma in ta mutu a gonarka, wa za ka zaga in ba ni ba?"

Aka yi ta dariya, shi kuwa ya ci gaba da jira. Samari suka tafi Kaduna neman aiki. Masu kawo zangarniya suka ragu, har ya zama babu. Duk da haka kowace damina yana sake shuka Ta Bakwai, don kada ta tsufa a rumbu.

Ya rasu bayan wata kaka, bai fitar da ita ba. Matarsa, Baba Larai, ta aika kasuwa a sanar cewa mai son iri ya zo ya ɗiba, ba sharaɗi. Alhaji Rabo ya zo gaisuwa, ya daɗe tsaye a bakin rumbun.

"Ki yi haƙuri," in ji shi. "Gonata duk masara ce yanzu."

Ba wanda ya zo bayansa. Da ƙwari suka fara shiga, sai ta sa aka surfe ta, aka niƙa, aka yi tuwon sadakar arba'in. Ina cikin waɗanda suka ci.

Bayan 'yan shekaru fari ya dawo, masara ta ƙone a tsaye. Aka zo gidan ana tambayar Ta Bakwai, ba a sami ko ƙwaya ɗaya ba.