Jar Rigar Tobias da Dinyar Basarake Merrow

Duk wanda ya shiga kwalekwalen Lambert Pye don tsallake Kogin Thames sai ya ba da aron kunnensa. Kafin a kai tsakiyar ruwa Lambert ya fara: da a ce Basarake Merrow ya ci nasara.

Tare suka tashi da taubashinsa Tobias, hannu ɗaya ya koya musu kiwon farar dinya, babbar agwagwar nan mai dogon wuya. Kowace dinya a kogin da mai ita, kuma a baki ake tsaga mata shaida da wuƙa, shaidar da ba ta gogewa. Tobias ya shiga cikin makiyayan Sarki, aka ba shi jar riga mai maɓallan tagulla. Lambert ya tafi gidan Merrow, inda aka fi cin nama, ya riƙa yi wa Tobias dariya.

Sai Merrow ya ɓata da fada. Wata safiya ya fito da mutanensa da takubba, yana bin titunan Landan yana kiran jama'a su zo a kori miyagun fadawa. Jama'a suka leƙo ta taga, suka koma kan tukwanensu. Ba a jima ba aka sare masa kai, dukiyarsa ta koma hannun Sarki, har dinyoyin. Tobias ne ya zo ya bi su yana ɗora tsagar Sarki a kan ta Merrow, Lambert na tsaye a gaɓa. Daga ranar Lambert ya koma sana'ar fito da kwalekwale.

Amma a bakinsa abin ba haka ya ƙare ba. A gidan giyar unguwa yakan jera kofuna a kan tebur.

"Wannan ƙofar fada ce. Nan mahauta suka fito, nan maƙera. Sarki ya sauko da kansa ya ce, Merrow, faɗi abin da kake so. Ya ce, da farko a kira min Lambert."

"Da farko?" in ji mai gidan giyar. "Kafin ma ya nemi kujera?"

"Ya san abin da ya fi muhimmanci. Aka sa min jar riga. Tobias kuwa..."

"Bara ka ce shi ke riƙe maka igiya."

"Na sake tunani. Kashin dinya yake kwashewa."

Shekaru suka tura, gashinsa ya yi fari, labarin na ƙara kiɓa. Abin da bai taɓa faɗa a can ba shi ne, akwai tsohon namijin dinya guda da ya ɓoye ranar da aka zo ƙwacewa, har yau da tsagar Merrow a bakinsa. Kowace bazara, in makiyayan Sarki sun hau kogi yi wa ƙanana shaida, sai ya kora shi cikin ciyawar fadamar bayan gidansa.

Matarsa Sibyl takan ce, "Maigida, tsuntsun nan zai kai ka kurkuku. Shaidar maci amana ce a bakinsa."

"Shi kaɗai ya rage da ya san ko ni wane ne."

"Ya san kai ne mai gurasa."

Wata bazara ruwa ya ja baya, ciyawar ta kwanta. Lambert na cikin taɓo yana lallaɓa tsuntsun sai ya hangi ja ta gefen ido. Tobias ne, shi kaɗai a jirginsa, ya riga sauran jiragen makiyayan isowa.

"Taubashi, wa kake wa raɗa haka? Ko Sibyl ce ta yi fari?"

"Wuce ka ba ni wuri, ɗan rigar aro."

Tobias ya sunkuyo ya duba bakin tsuntsun, dariyar ta ɗauke. "Lambert, shugabanmu na bayana, yanzu zai shawo kwana. In ya ga wannan, ba fito ba, ko rana ba ka ƙara gani da wuri."

Ya miƙa hannu zai kama. Tsuntsun ya buɗe fiffike ya make shi a gwiwar hannu, wuƙarsa ta faɗi cikin jirgi.

"Ya san ka," in ji Lambert, da daɗi a ransa.

"To kai ka tsaga masa. In ce mai kiwonsa ne ya kawo shi da kansa." Tobias ya shiga ɓalle maɓallai. "Sai dai a wurinmu ba mai yin tsagar Sarki ba rigar Sarki a jikinsa. Ungo. Yi sauri."

Lambert ya tsaya da rigar a hannu. Ta fi yadda ya zata nauyi. Ciki duk faci ne, tana warin zufa da kifi, ga tabon miya a ƙirji. Ya zura ta. Hannayen suka tsaya masa nesa da wuyan hannu. Can ƙasan kogi aka fara jin ƙarar filafilan tuƙa jirage.

Ya kira tsuntsun da ɗan fiton baki, ya zo ya kwantar da wuya a cinyarsa yadda ya saba in za a ba shi gurasa. Lambert ya riƙe bakin, ya shafa tsohuwar tsagar da ɗan yatsa, sannan ya ɗora wuƙa. Aikin ya fita tsaf, kamar jiya ya bari.

"Hannunka na nan," in ji Tobias. "To, ba ni rigata."

"Dakata mana."

"Lambert."

Ya tuɓe. Da jiragen suka iso, sun tarar da makiyayin Sarki cikin jar rigarsa, da wani tsohon mai fito a taɓo har gwiwa. Suka saki tsuntsun cikin garken Sarki, ya bi 'yan'uwansa bai waiwayo ba.

Da yamma Lambert ya jera kofunansa. Mahauta suka fito, maƙera suka fito, Sarki ya sauko.

"Aka sa maka jar riga," mai gidan giyar ya ƙarasa masa.

"Sabuwa," in ji Lambert, yana jan hannun rigarsa ƙasa. "Wadda aka gwada ni kafin a ɗinka. Ba irin ta Tobias ba."